Ƙafa Tara da Baba Yekini Ya Ƙi Ƙarawa

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, ina zaune a rumfata da ke gefen Titin Ibrahim Taiwo, inda nake sayar da baƙin mai, Qudus ya kira ni a waya ya ce mahaifinsa ya cika. Na Allah muke, kuma wurinSa za a mayar da mu. Baba Yekini Adisa, mai walda, maƙerin bodin manyan motoci, ya rasu a gidansa da ke Fagge yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar wata huɗu. An yi masa sutura a ranar, bayan sallar La'asar.

Baba, ni ne Almu, direban nan da ka sani. An ja mini kunne cewa ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Na san haka, don a gidan malamai na tashi. Amma na ga waɗanda suka cika sahun gaba a jana'izarka, na ji abin da suka faɗa a kanka da bakunansu, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. In na yi shiru, labarinka zai zama yadda suka tsara shi. Saboda haka zan faɗi abin da ya faru, har da inda ni kaina na ci amanarka.

A Sabon Gari aka haife ka. Mahaifinka ne ya zo daga Ogbomosho yana sayar da yadi, kai kuwa ba ka san wani gari ba sai Kano. Hausarka ta fi ta wasunmu, ba ka juya harshe zuwa Yarabanci sai in kana magana da matarka Inna Kafayat ko in ranka ya ɓaci ƙwarai. Garejinka yana bayan Tashar Jirgin Ƙasa, fili ne mai faɗi da rumfar kwano, da randa biyu a bakin ƙofa waɗanda ba su taɓa bushewa ba. Masu turin baro na Kasuwar Singa sun san wurin. Duk wanda ƙafar baronsa ta karye can yake kawowa, ka ajiye aikin tirela ka ɗora masa, ka ce ya tafi rana tana yi.

Haɗuwarmu ta farko da faɗa muka yi ta. A cikin azumi ne, na ɗauko sukari, ƙarfen gefen bodi ya ɓalle. Na shigo ina sauri na ce a ɗan taɓa mini kawai. Ka taɓa, sannan ka shiga ƙarƙashin motar ba tare da na sa ka ba, ka fito ka ce akwai tsaga a wurin da kan mota yake riƙe da tirela, kuma ba za ta fita daga garejinka a haka ba. Na yi ta masifa, na ce ai ba motarka ba ce. Ka kwanta a ƙasa cikin zafin nan da azumi a bakinka, ka yi ta aiki har bayan La'asar. Da ka ciro guntun ƙarfen ka miƙo mini, na ga saura kaɗan ya rabu biyu. Daga ranar na zama ɗan gida a garejinka.

A shekarar 2016 ina tuƙa wa Alhaji Sammani mota. Yana da tireloli bakwai, kuma shi ne mai faɗa a ji a ƙungiyar masu motocin da muke lodi tare. Wata safiya ya ce in kai motata garejinka, ya biyo ni a tasa. Abin da yake so shi ne a yanke shasin tirelar daga baya a ƙara mata ƙafa tara, don ta riƙa ɗaukar kayan sawu ɗaya da rabi a tafiya guda. Ka ɗauko tef ɗinka ka auna ta tun daga hanci har wutsiya, ina riƙe maka da ɗaya bakin. Ka ce masa doka ta yanka iyakar tsawon da babbar mota za ta yi a kan titin jama'a, kuma wannan ta riga ta kai iyakar.

Alhaji ya yi dariya ya ce ƙafa tara ce kawai, ba wanda zai kula.

Sai ka tsuguna ka zana masa a ƙasa da sandar walda. Ka zana kwana, ka zana mota. Ka nuna masa cewa duk abin da aka ƙara a bayan tayoyin baya, in direba ya karya kwana hagu, wutsiyar za ta yi shara zuwa dama, ta hau inda mutane suke tsayawa, kuma direban ba zai gani a madubi ba. Ka ce titunan Fagge da Sabon Gari ba a yi su don irin wannan tsawon ba, kuma waɗanda suka sa iyakar ba don su hana shi arziki suka sa ba.

"Ni aiki na kawo maka, ba wa'azi na zo ji ba," in ji Alhaji. "In ba ka yi ba wani zai yi."

"Wani ya yi, Alhaji. Ni dai ba da hannuna ba."

Da zan tayar da mota ka zo jikin ƙofa ka ce mini a hankali, "Almu, in aka ƙara mata, kada ka hau." Na ce to, Baba. Na faɗa ne kawai don ka sake mini ƙofa.

Hamzat ne ya yi aikin, wani mai walda a bayan gari, wanda ya san abin da ka sani sarai. Kwana shida ya gama. Wani ma'aikaci, wanda har yau ban san fuskarsa ba, ya buga hatimi a takardun motar da tsohon tsawonta. Na hau ta wata goma sha ɗaya. Na bi ta shingayen bincike da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya fito da tef ba. Kowa ya ga motar ya san ta yi tsawo, don ido ma yana gani. Su dubi takarda, su dubi fuskata, su ɗaga mini hannu.

Alhaji Sammani bai bar maganar a nan ba. Ya ji zafin an ce masa a'a a gaban direbansa. Ya bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya yana cewa kai ɗan rahoton hukuma ne, duk motar da ta shiga garejinka sai an san sirrinta. Aiki ya fara ja baya. A wurin lodi aka laƙaba maka suna, ana ce maka Baba Awo. Ni ma na faɗa. Ni da ka kwanta ƙarƙashin motata da azumi, na zauna a kan benci ina kwaikwayon yadda kake jan tef, ana dariya. Na daina bi ta layinka don kada mu haɗa ido. Wannan abu yana cikin waɗanda zan tashi da su gaban Allah.

Ranar Alhamis ce, a watan Maris na 2017, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Na sauke kaya a kusa da Kasuwar Singa, zan fita babban titi. Na duba madubi, na karya hagu a hankali, ko gudu ba na yi. Na ji motar ta ɗan girgiza kamar na taka dutse, sai na ji ihu, mutane suna dukan bodi da hannu. Da na sauko na zagaya, na tarar da mace a tsakanin wutsiyar tirela da turken wutar lantarki. Katan-katan na taliya da sabulu sun watse a titi. Sunanta Chidinma. Tana da ƙaramin shago a Sabon Gari, sari ta zo yi, ta tsaya a gefen hanya tana jiran a-daidaita-sahu. Ba a kan titi take ba. Tana tsaye ne a inda ya kamata mutum ya tsaya. Kafin a kai ta asibiti ta rasu. Ta bar miji, Celestine, mai sayar da kayan gyaran mota, da 'ya'ya mata biyu.

Ina tsare kwana tara Alhaji Sammani bai leƙo ba. Lauyansa ne ya zo, ba don ya tsaya mini ba, sai don ya sanar da ni matsayin maigidansa: Alhaji bai san an taɓa motar ba, takardunsa ga su nan daidai, in an yi wani ƙari to direba ne ya yi a ɓoye don ya riƙa ɗaukar kayan gefe. Shekara takwas na yi ina yi wa mutumin nan aiki. Na kai matarsa asibiti, na ɗauki gawar ƙaninsa daga Zariya. A rana ɗaya ya mayar da ni ɓarawo kuma mai kisa, ko kunya bai ji ba.

A kwana na goma ka zo, ɗauke da kwanon abinci. Na kasa ɗaga kai. Na zaci za ka rarrashe ni, amma ba ka yi ba. Ka ce, "Ka san tsawonta, ka hau. Wannan naka ne, ba mai ɗauke maka. Amma ba kai ka sa aka ƙara ba, kuma a gabana aka yi maganar. Zan faɗa." Ka zauna har na ci abincin, ka karɓi kwanonka ka tafi.

Da labari ya bazu cewa za ka ba da shaida, mutum uku daga ƙungiya suka same ka a gareji. Qudus yana wurin, shi ya ba ni labari daga baya. Sun fara da lallami, suka ce maganar cikin gida ce, a bar ta a cikin gida. Da suka ga ba ka motsa ba, ɗayansu ya tuna maka cewa kai baƙo ne a garin nan, ya kamata baƙo ya san inda zai sa ƙafa. Mutumin da ya faɗi haka ka girme shi da shekara talatin, kuma lokacin da kake ƙera bodi a Kano ko haihuwarsa ba a yi ba. Ka ce masa a Sabon Gari aka binne cibiyarka, kuma matar da ta mutu ma a nan take biyan haya, a nan 'ya'yanta suke makaranta. Ka ce su sha ruwa a randa in suna jin ƙishi, kai kana da aiki.

A kotu lauyan Alhaji ya yi ƙoƙarin wulaƙanta ka. Ya tambaye ka wace makaranta ka gama, ya tambaye ka ko kana da takardar injiniya, ya ce ƙiyayya ce ta kawo ka don an daina ba ka aiki. Ka amsa masa ba tare da ɗaga murya ba. Ka roƙi alƙali abu ɗaya, a je inda motar take a auna. Aka je. Ka nuna musu layin walda inda sabon ƙarfe ya haɗu da tsoho, ka kankare fenti da wuƙa kowa ya gani. Aka ja tef, ƙafa tara cif. Ka faɗi rana da watan da aka kawo maka ita, da abin da aka ce, da abin da ka ce. Alhaji Sammani yana zaune yana jan carbi, bai dube ka ba ko sau ɗaya.

Shaidarka ta cire mini ƙaryar da aka ɗora mini. Ba ta cire mini laifina ba, kuma ban so ta cire ba. An ɗaure ni wata goma sha takwas. Alhaji aka ci shi tara, ya biya a ranar, ya shiga motarsa. Hamzat ba a ko kira shi ba. Mai hatimin nan yana nan a kujerarsa, ko ya yi ritaya da mutuncinsa, Allah ne masani.

Kai ne ka biya abin da ya fi na kowa bayan Chidinma. Filin garejinka na wani surukin Alhaji ne. Wata biyu bayan hukunci aka ba ka takardar tashi, wurin da ka yi shekara talatin da ɗaya. Ba mai tirela ɗaya da ya sake kawo maka aiki. Mutumin da ya ƙera bodin da suka je Legas da Maiduguri suka dawo lafiya, ya koma bakin kwata a Fagge yana haɗa ƙofofi da tagogi da murhun gawayi. Duk da haka kowace Juma'a sai ka zo gidan yari da abincin Inna Kafayat, kuma ba ka taɓa gaya mini an kore ka ba. Sai da na fito na je bayan tasha, na tarar an kewaye wurin ana ajiye motocin Alhaji a ciki. Na tsaya a bakin ƙofar na rasa inda zan sa kaina.

Na same ka a sabon wurinka na nemi gafara a kan Baba Awo. Ka ce ai ka ji labari tun a lokacin, har an ce na iya kwaikwayonka, ka sa ni in yi maka ka gani. Na ƙi, ka matsa, na yi ina hawaye kana dariya. Ka ce hannun hagu na riƙe tef da shi, kai da dama kake riƙewa. Iyakar abin da ka ce ke nan a kan maganar har ka bar duniya.

Celestine ne ya fara kawo maka aiki a bakin kwatar. Ya ba ka ƙofar shagonsa, ya turo maka maƙwabtansa na Sabon Gari. Ni kuwa har yau ba ya amsa gaisuwata, in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Yana da gaskiya, ban kuma taɓa jin haushinsa ba. Ya zo jana'izarka, ya tsaya can nesa a gindin wata bishiya har aka gama, hularsa a hannu.

Tartsatsin walda da hayaƙinta na shekara hamsin suka taru a ƙirjinka. Wata huɗu kana kwance, kana tari har ka kasa magana. Ina zuwa kusan kullum. Ban taɓa haɗuwa da ɗan ƙungiya ko ɗaya a ƙofar gidanka ba. Sun san kana jinya, don ni da kaina na je wurin lodi na faɗa, aka ce Allah Ya sawwaƙe, aka ci gaba da hira.

Amma ranar jana'iza sai ga su, motoci jere har bakin titi. Alhaji Sammani ya ratsa mutane da babbar riga ya shiga sahun farko, daidai bayan liman. Hamzat yana bayansa. Wanda ya ce maka baƙo shi ne ya yi rige-rigen kama makara. Da aka dawo zaman makoki Alhaji ya gyara murya ya ce Kano ta yi rashin mutum mai gaskiya, irinsu Yekini sun yi ƙaranci, shi kam ya daɗe yana faɗa wa mutane haka. Jama'a suka ce haka ne. Ya miƙo mini hannu, na bar hannuna a aljihu. Wani dattijo ya ce mini ba a haka a wurin mutuwa. Na ce masa na sani.

Alhaji, da kai nake yanzu, tunda na san za a karanta maka. Ka san yana da gaskiya tun ranar da ya tsuguna ya zana maka a ƙasa. Sanin nan ne ya sa ka tsane shi. Ka raba shi da sana'arsa, ka raba shi da wurinsa, ka sa an kira shi baƙo a garin haihuwarsa, sannan ka jira sai da ya kasa amsa maka ka zo kana yabonsa. Motar nan kuma ba ka yanke ta ba. Na gan ta watan jiya da idona, an sake mata fenti kore, tana karya kwana a Titin Ibrahim Taiwo mutane suna tsalle suna kaucewa. Na bi direban har inda ya tsaya na gaya masa abin da motar ta taɓa yi. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar. Ya ce ya ji, amma in ya sauka akwai mutum goma da suke jiran makullin. Kai da masu buga maka hatimi da masu ɗaga mata hannu a hanya, ku kuka ajiye shi a kujerar da na zauna.

Ranar addu'ar kwana takwas, kamar yadda danginka suke yi, Alhaji ya aiko da buhunan shinkafa a bayan mota, aka sauke su a ƙofar gida inda kowa zai gani. Inna Kafayat tana cikin takaba, ba ta fito ba. Ta kira Qudus daga bayan labule, muna ji, ta ce a mayar da su cikin motar da ta kawo su. Wasu mata suka ce ta yi haƙuri, sadaka ce, ba a mayar da sadaka. Ta ce, "Shekara shida maigidana yana zaune a bakin kwata, mutumin nan yana wucewa ta gabansa. Ba zan dafa shinkafarsa a kan sunan Yekini ba." Ni na ɗauki buhun farko. Rabon da in ji sauƙi a ƙirjina irin na ranar, na manta.

Malaminmu ya ce in yafe musu don in huta. Ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan rubuta ƙarya a ta'aziyyar mutumin da ya ƙi yin ta ba. Ban tsine musu ba. Na bar su da Wanda ba a kai wa takardar bogi.

Ya Allah, bawanKa Yekini ɗan Adisa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci fiye da yadda ya sanyaya wa masu ƙishi. Ka karɓi shaidar da ya bayar, Ka sa ta zama haske a gabansa ranar da kowa zai amsa nasa. Ka sada shi da Manzon tsira, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce gidansa. Ka raya 'ya'yan Chidinma, Ka tsare masu tsayawa a gefen hanya. Ni kuma Ka yafe mini, in mai haƙƙi ya yarda.

Inna Kafayat, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da alheri a kan abin da kika ciyar da ni ba ki ko san fuskata ba. Qudus, da ƙanwarka Fareedah, da sauran dangi na Fagge da Sabon Gari da Ogbomosho, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma yi wa kaina. Mahaifinku bai bar muku gareji ba, an ƙwace. Amma babu titin da za ku bi a garin nan ku sunkuyar da kai saboda wani abu da hannunsa ya ƙera. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Almu Habibullah
Fagge, Kano